Ramukan Ƙusa Biyar

A kaminar Aljirif inda mahaifina ya yi aiki akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda ya taɓa tsallake ta: duk wanda ya kasa ɗaukar ɓangarensa na nagala, sai ya ba wani wuri. Kamina ita ce inda ake buga jan bulo a gasa shi a bakin Nilu. Nagala kuwa sanduna ne biyu dogaye da aka buga wa faffaɗan katako a tsakiya. A kan katakon ake jibga laka, mutum biyu su ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, su hau gangare da ita daga ramin kwaɓi zuwa filin da masu bugun bulo suke tsugune.

Baba ya shekara sama da talatin riƙe da gaban nagala. A bayansa kullum ƙaninsa ne, Baffa. Tare suka baro gonakin audugar Jazira tun ba a haife ni ba, tare suka sami wannan aikin, kuma al'adar wurin ce ta raba musu matsayi: babba ya shiga gaba, ƙarami ya loda laka ya riƙe baya. Ba a sa babba ya bi bayan ƙaninsa, ko da laka ce a tsakaninsu.

Ina da shekara goma sha ɗaya ciwon baya ya kwantar da Baba har wata biyu. Ya warke ya koma aiki, amma tun daga nan dokar kamina ta shigo gidanmu a unguwar Hajj Yusuf ta sami wuri ta zauna, ba mai ambatonta. Inna takan bi shi da kallo in zai fita da safe, ta ga yadda yake taka ƙasa. Ta san mijinta. Mutum ne da in ka ce masa ya zauna ya huta, kamar ka zage shi ne, kuma ranar da za a ce masa ya ba wani wuri, ba mu san abin da zai rage a jikinsa ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Kowace safiya sai ya sha cokali guda na zuma da habbatus sauda, ya bubbuga ƙirji. Ranar Juma'a in Baffa ya zo cin abincin rana, sai Baba ya kafa hirar da muka haddace.

"Kun ga abin mamaki? Shekaru suna ƙaruwa, laka tana rage nauyi. Zumar nan ba wasa ba ce."

Baffa ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma sai na fara sha. Da gudu nake bin ka."

Sai mu yi dariya, Inna ta ce Alhamdulillahi. Haka muka yi shekara biyar.

A shekarar da na cika sha shida muka shiga darasin da ya juya mini kai. Malamarmu ta fiziya, wato kimiyyar ƙarfi da motsi, doguwar mace mai muryar da ake ji har ajin maƙwabta, ta shigo wata safiya ba ta ko buɗe littafi ba. Ta kira yarinyar da ta fi kowa ƙiba a ajin da wadda ta fi kowa ƙanƙanta, ta kai su bakin ƙofa. Ta ce babbar ta tura ƙofar daga can kusa da inda aka maƙala ta da bango, ƙaramar kuma ta tare ta da yatsa ɗaya daga wajen mariƙi. Babbar ta yi ta nishi, mayafinta ya zame, ƙofa ta ƙi motsi. Aji ya kaure da ihu.

Malama ta rubuta kalma ɗaya a allo da Larabci: azm, wato ƙarfin da ke juya abu. Ta ce ƙarfi shi kaɗai bai isa labari ba, sai an tambayi inda aka sa shi. Ka ninka ƙarfi da nisansa daga wurin juyawa, shi ne azm. Sai ta ɗora rula a kan fensir, ta aza ƙwallon dabino biyu a hagu kusa da tsakiya, ɗaya tak a dama amma can nesa, rula ta tsaya cak ba ta karkata ba. Ni dai bakina a buɗe. Wai ɗaya ya tsaya wa biyu don kawai ya iya zaɓar wurin zama!

Tun daga ranar ba abin da ya tsira daga hannuna. Ni dama tun ina ƙarama in tambaya ta shige ni ba na iya cin abinci, kuma in na sami amsa ba na iya riƙe ta a ciki. Na tura duk ƙofofin gidanmu daga kowane gefe har Inna ta tambaya ko aljanu ne suka taɓa ni. Na tsaya a kan maƙwabcinmu mai raksha, babur mai ƙafa uku, yana fama da ƙusar taya da ta ƙi kwancewa, na ga ya zura dogon bututu a jikin sifana, ƙusar ta saki kamar ba ita ba. Na ce masa ai wannan azm ne. Ya ce shi bututu ya sani.

Wata Asabar na raka Inna Kasuwar Umdurman sayen kayan ƙamshin miya. Tsohon da take saye a wurinsa tun tana amarya ya ɗaga ma'auninsa mai faranti biyu yana auna mata barkono. Ni kuma na ƙura wa sandan ma'aunin ido, tambaya ta taso mini: in hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da ƙwayar gero ne, ai ma'auni zai yi ƙarya alhali duwatsun awon suna da gaskiya. Sai kawai na ji bakina ya tambaye shi ko ya taɓa auna hannuwan biyu ya ga tsawonsu ɗaya. Tsohon ya ajiye ma'auni ya dube ni. Inna ta mintsine ni a cinya, ta ba shi haƙuri har sau uku. A hanya ta ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan bakin naki wata rana sai ya yanka wuyan wani." Na yi fushi har muka haye gada, don a ganina tambaya na yi, ban zagi kowa ba.

Ba a yi wata guda ba aka ba mu hutu. Lokacin sanyi ne, ruwan Nilu ya ja baya, kaminoni sun kankama aiki. Wata safiya Baba ya manta ƙullin faturinsa, abincin hantsin da ma'aikata ke taruwa su ci tare, sai Inna ta aike ni da shi. Na hau hafla, motar haya, har Aljirif, na gangara ta cikin gonakin rogo da albasa ina bin hayaƙi. Rabona da wurin tun ina 'yar mitsitsiya, lokacin da ba abin da nake gani sai jakuna.

Wannan karon da idon fiziya na zo. Na sami inuwa na zauna ina kallon masu nagala suna hawa suna sauka, zuciyata tana tsalle, don ga rular malama nan da ƙwallon dabinonta, sai dai maimakon fensir ɗaya a ƙasa, mutum biyu ne suke riƙe da ita. Mun yi irin wannan lissafin a aji: in kaya yana tsakiya, kowa rabi, in ya matsa wajen ɗaya, wanda ya matsa wa shi ke shan nauyi. Na ga Baba a gaba, kai a sama, yana taku kamar mai zuwa masallacin Idi. Na ga Baffa a baya, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, rigarsa ta jiƙe sharkaf duk da sanyin da ake yi. Baffa ya fi Baba ƙuruciya da shekara goma sha biyu. To me ya sa shi ne ke haki?

Da farko na ce gangare ne, don mai baya yana ƙasa in ana hawa, kaya kan rinjaya wajensa. Amma sauran masu baya ba sa haki kamarsa. Sai na lura da yadda yake lodi: duk shebur ɗin da ya ɗebo, wajen ƙafafunsa yake zubawa, laka ta taru a gefensa kamar tozo. Baba kuwa yana tsaye ya ba kayan baya, yana kallon kogi, sai an ce masa "Yalla" ya sunkuya ya kama.

Da aka tashi fatur suka jingine nagalar suka tafi wanke hannu. Ni kuma na lallaɓa wajenta. Ban zo da rula ba, sai na auna da taƙin hannuna. Daga inda hannun Baba ya goge sanda ta yi sulɓi zuwa bakin katako, taƙi huɗu. Daga inda hannun Baffa ya goge zuwa nasa bakin, taƙi biyu. Na sake aunawa. Na je na auna wata nagalar da ke kusa, na sami uku da uku. Na dawo na tsuguna, sai na ga wasu ƙananan ramuka a jikin sandunan ta gefen Baba, a jere, tsakanin kowane da ɗan'uwansa yatsu biyu. Ramukan tsofaffin ƙusoshi ne, guda biyar a kowace sanda. Na ce a raina, wannan kafinta bai san aikinsa ba, sau biyar yana gyara yana ƙara ɓatawa.

Na tsinci kara na yi lissafina a ƙasa. Tsakanin hannu da hannu taƙi goma. Tsakiyar katako tana taƙi shida daga Baba, huɗu daga Baffa. In aka haɗa da yadda ake tara lakar, sai ya zama Baffa yana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku, Baba kashi ɗaya. Wani daɗi ya rufe ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranar da na zo ta ɗaya a aji. Na gano abin da manyan mutane suka yi shekaru suna kallo ba su gani ba!

Suna zaune a da'ira, su wajen goma, sun sa babban kwanon ful, dafaffen wake, a tsakiya. Wakilin mai kamina ma yana cikinsu, shi ne mai raba aiki, shi ne kuma mai cewa wane ya ba wani wuri. Na zo na tsaya a kansu da karana a hannu.

"Baffa, kafintan da ya yi muku nagalar nan ya cuce ka!"

Baffa bai ɗago ba. Ya ce, "Zo ki ci abinci, ya bitti, 'yata."

"Wallahi da gaske nake. Hannun Baba taƙi huɗu, naka biyu. Kai ne kake ɗaukar kusan duka nauyin."

"Kalas, ya isa, ustaza, mun ji. Zauna."

Da ina da hankali, da wannan "kalas" ɗin ta ishe ni. Amma ni na ɗauka bai gane ba ne, kuma ba abin da ke tunzura ni kamar in faɗi gaskiya a ƙi ganewa. Na tsuguna na zana musu sanda a ƙasa, na sa kibiyoyi, na yi bayanin ƙarfi da nisa tiryan-tiryan kamar yadda malama ta yi. Na ƙare da cewa Baba kashi ɗaya cikin uku kawai yake ɗauka, ko yaro ma zai iya. Na ɗago ina jiran a ce Masha Allah.

Ba wanda ya dubi zanena. Hannuwa sun tsaya a cikin kwano. Wani dattijo mai bugun bulo ya juya yana kallon hayaƙin kamina kamar yau ya fara ganinsa. Wakili ya sunkuyar da kai yana murza gutsuren burodi. Baffa ne kaɗai ya dube ni, kuma ba fushi na gani a idonsa ba, roƙo ne, sai dai ya zo a makare. A nan gabana ya faɗi, ko da yake ban gama sanin abin da na yi ba.

Baba ya suɗe yatsunsa, ya tashi ya je wajen nagalar. Ya bi ramukan nan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kwantar da ita a bakin ramin kwaɓi, ya tsaya ta gefen gajerun hannuwan.

"Loda. Yau ni ne a baya."

"Yaya, babba ba ya bin baya."

"Loda na ce."

Baffa ya zuba shebur uku ya tsaya. Baba ya karɓe shebur ɗin ya cika ta da kansa, ya tara lakar ta gefensa daidai yadda Baffa yake yi, wanda ya nuna mini ya san yadda ake yi ɗin. Suka sunkuya suka ɗaga. Na ga bakin Baba ya buɗe. Ina jin kunyar faɗa, amma ko a wannan lokacin kaina bai daina aiki ba, ƙirga takunsa nake yi. Taku arba'in da ɗaya ne daga rami zuwa fili. Bai yar ba, bai tsaya ba. Ya kai ta har gaban masu bugu ya sauke a hankali, sannan ya daɗe a sunkuye, hannuwansa a kan cinyoyinsa.

Da ya miƙe sai ya nufi wakili, ya ba shi hannu, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ji wakili yana cewa, "La, la, ya Hajj, ba wanda ya ce maka komai." Baba ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. Ya gangara kogi ya wanke ƙafafu da hannuwa, ya sa jallabiyarsa, ya ce mini mu tafi. Ko azahar ba ta yi ba.

A cikin hafla ya zauna ta taga, ni ina gefensa da ƙullin kwanon da babu komai a ciki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Na so in ba shi haƙuri, amma abin da ya fito daga bakina tambaya ce, don hali zanen dutse ne.

"Baba, duk shekarun nan ba ka taɓa ji a hannunka ba?"

Ya juyo da tafin hannunsa a kan gwiwa, duk kanta, ya dube shi.

"Uwata, hannun da ya shekara talatin yana ɗaukar laka, sai an kawo masa kara an yi zane kafin ya san nauyi? Tun ranar da Baffanki ya cire ƙusar farko na sani."

"To zumar fa?"

"Zuma don shi nake sha. In ban ce zuma ba ce, me zan ce? In ce na gode? Sai ya ji kunya, ni ma in ji." Ya rufe tafin hannun ya ci gaba. "Duk wanda ke zaune a wurin nan ya sani, har wakili. Ƙanena ya ba ni abu a ɓoye, na karɓa a ɓoye, jama'a suka taya mu rufewa. Abin da aka faɗa a gaban mutane kuwa ba ya komawa ciki. Gobe in na kama dogayen hannuwan nan, sadaka na karɓa."

Na fashe da kuka a cikin mota, mutane suna kallo. Ya dafa kaina ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Lissafinki daidai ne, ai ba ki yi kuskure ba." Wannan maganar ta fi mari zafi, har yau in na tuna ta sai na ji ta a ƙirjina.

Bai sake komawa kamina ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya ba ta tuna mini maganar Kasuwar Umdurman ba, na kuwa so a ce ta yi. Kwalbar zuma ta zauna a kan taga har ta daskare. Baba ya koma zama a ƙofar gida yana miƙa wa mai raksha sifana, kuma cikin 'yan watanni tafiyarsa ta zama ta tsoho, irin wadda Inna ta yi shekara biyar tana tsoron gani. A jarrabawar ƙarshen shekara aka kawo tambayar sanda mai kaya a kai da mutum biyu riƙe da ita. Na amsa ta cikin minti biyu, na sami cikakken maki, ban nuna wa kowa takardar ba.

Baffa ya sami sabon abokin ɗauka, wani saurayi, aka yi musu sabuwar nagala mai uku da uku. Tsohuwar ba wanda zai karɓe ta, sai ya ɗoro ta a keken jaki wata Juma'a ya kawo gidanmu, wai Inna ta ƙara a rumfar tsakar gida. Ya jingine ta a bango ya shiga wajen Baba. Ina jin su suna hirar ruwan Nilu da tsadar itacen gashi, ba wanda ya ambaci laka.

Na daɗe ina kewaya ta kafin na matsa. Na sake ƙirga ramukan, biyar ne, ɗaya a kowace shekara tun ciwon bayan Baba. Sai na zagaya ta gefen Baffa, inda ban duba da kyau ba a ranar farko don ina saurin zuwa in ba da labari. A jikin kowace sanda, yatsu biyu daga bakin katako, akwai ɗan layi da aka ja da gawayi. Baffa ya riga ya auna inda zai mayar da katakon baɗi.